Wasan Dare Ne Tun Asali: Martani Kan Tarihin Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango a Gwarzo da Kabo

A cikin wata maƙala da ta shiga hannun masu bibiyar adabi da harkokin yaɗa labarai a Kano, wani marubuci ya yi ƙoƙarin bin salsalar wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato wasan da ake nunawa kashi-kashi, labarinsa yana ci gaba daga mako zuwa mako ba tare da an kai ƙarshensa a zama ɗaya ba, ya kuma yanke hukuncin cewa baƙon abu ne da ya sauka a ƙasar Hausa a 2014 tare da tashar Arewa24. A ganinsa, tushen wannan wasa shi ne wasannin rana na talabijin ɗin Amurka, waɗanda kamfanonin sabulu suka ƙago domin matan aure, daga can suka ratsa Meksiko da Indiya har suka iso Kano, daga Kano kuma suka malala zuwa garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, inda a faɗarsa suka mayar da matan karkara 'yan zaman kallo, suka raba su da aikin gida da tarbiyyar 'ya'ya. Damuwar da ta sa shi ɗaukar alƙalami ta gaskiya ce, kuma duk mai kishin al'umma zai girmama ta, amma tarihin da ya ɗora hukuncinsa a kai tarihin wata ƙasa ne da aka aro aka yafa wa wannan, kuma idan aka auna shi da yadda rana da dare suke gudana a yammacin Kano sai a tarar bai zauna ba.

Abin da marubucin ya faɗa game da Amurka daidai ne, kuma ya cancanci a faɗaɗa shi fiye da yadda ya yi, domin a cikinsa ne amsar take. Sunan da Amurkawa suka laƙaba wa irin wannan wasa ya haɗa kalmar sabulu da kalmar opera, wani nau'in wasan dandamali na Turawa mai yawan waƙa da zuzuta baƙin ciki, kuma sabulun ya shigo ne saboda kamfanoni irin su Procter & Gamble da Colgate-Palmolive da Lever Brothers su ne suka riƙa biyan kuɗin shirye-shiryen. A rediyo abin ya fara. A 1930 wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Irna Phillips ta soma rubuta Painted Dreams a tashar WGN ta Shikago, shiri na minti 15 kan wata uwa da iyalinta, a 1933 kuma aka fara Ma Perkins, wanda garin sabulun Oxydol ya ɗauki nauyinsa, ya kuma rayu har 1960. Guiding Light, wanda shi ma Phillips ce ta assasa shi a 1937, ya ƙaura zuwa talabijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009, bayan shekara 72.

Wannan tsawon rai yana da ginshiƙai, kuma su ne marubucin ya tsallake. Akwai kamfani mai haja da ake saye kullum, wanda yake biyan kuɗin shirin gaba ɗaya, wani lokaci ma shi ne mamallakinsa. Akwai matar aure da ke gida ita kaɗai daga safe zuwa yamma, miji yana ofis ko masana'anta, yara suna makaranta, kuma ita ce mai zaɓen abin da za a saya da albashin mijin. Akwai kuma wutar lantarki da ba ta yankewa, da akwatin talabijin a falon kusan kowane gida. A kan waɗannan aka gina siffar labarin kanta: ana nuna shi kwana biyar a mako, yana tafiyar hawainiya, ana maimaita abin da ya wuce a bakin 'yan wasa domin wadda ta tashi duba tukunya kada ta ɓace, kuma ba a nufin ya ƙare, domin ranar da ya ƙare ranar ce mai talla ya rasa masu saurarensa. A wajajen 1970 wasanni 19 irin wannan ake nunawa da rana a manyan tashoshin Amurka uku, a 1981 kuma mutum kimanin miliyan 30 suka kalli ɗaurin auren Luke da Laura a wasan General Hospital. Da matan suka fita aiki da yawansu, tashoshi kuma suka yawaita, sai ginin ya fara zubewa, inda tsakanin 2009 da 2012 aka rufe Guiding Light da As the World Turns da All My Children da One Life to Live. Wasan rana na Amurka ɗan wani yanayi ne na tattalin arziki, ya tashi da shi, ya kuma kwanta da shi, saboda haka duk mai son ya ce wasan Hausa jikansa ne dole ya nuna waɗannan ginshiƙai a ƙasar Hausa, ya faɗi da wane lokaci ake kallo, ya kuma faɗi wa yake biya.

A ɗauki lokacin kallo tukuna. Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabta a yammacin Jihar Kano, kan hanyar da ta tashi daga Kabuga ta bi ta Janguza da Rimin Gado ta nufi iyakar Katsina, kuma a ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000, mafi yawansu manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A Getso ko Kutama ko Lakwaya, a Garo ko Gude ko Durun, rana ta aiki ce. Da damina magidanci da samarinsa suna gona tun bayan asuba, suna noman dawa da masara da gyaɗa, da rani wasu suna lambu a bakin madatsar ruwa irin ta Guzuguzu, wasu sun tafi cin rani, wasu suna bin kasuwannin mako. Wutar lantarki, inda ta kai, ba ta da lokacin da za a dogara da shi, kuma mai janareta ba ya ƙona mai da tsakar rana domin kallo, yana ajiye shi ne sai an yi sallar isha'i, lokacin da mutane suka taru kuma kuɗin man zai fita.

Ko a birnin Kano ma, talabijin ta daɗe ba ta san rana ba. Tashar farko a Najeriya ta buɗe a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962 a ƙarƙashin kamfanin yaɗa labarai na Jihar Arewa, Kano ta samu tata a tsakiyar shekarun 1970 kafin a haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda bayan rasuwarsa a 2010 aka sa mata sunansa ta zama ARTV. A duk waɗannan shekaru tashoshin suna buɗewa ne da la'asar a ranakun aiki, su rufe wajen tsakar dare, kuma wanda ya kunna akwatinsa da hantsi ba abin da zai gani sai tartsatsi. Watsa shirye-shirye dare da rana ya zo ne bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Wato a tsawon shekarun da wasan rana ya yi tashe a Amurka, babu ma ranar talabijin a Arewa da za a sa shi a ciki. Manyan wasannin yau ma, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, sabon kashinsu da dare yake fitowa, sau ɗaya a mako, lokacin da maigida da uwargida da yara da maƙwabta suke zaune wuri ɗaya.

Wannan tsari ya dace da wata al'ada da ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Bahaushe ya ware dare domin labari, har ya kafa camfin da ke hana yin tatsuniya da rana, camfin da kowane yaro ya ji daga bakin kakarsa, wanda kuma hikimarsa a fili take, wato kada hira ta ci lokacin aiki. Tashe, wasan kwaikwayon da yara da samari ke yi gida-gida daga goma ga watan azumi, bayan shan ruwa ake yin sa. Kalankuwa sai an kawar da amfanin gona. Majigi, motar silima ta gwamnati da ta riƙa zagaya ƙauyuka tun zamanin Turawa, sai duhu ya shiga take kafa farin ƙyallenta a ƙofar fadar hakimi ko dagaci. Da talabijin ta zo, gurbin da ta tarar a buɗe shi ne na hirar dare, kuma nan ta zauna, a ƙofar gidan mai hali da ya fito da akwatinsa waje, ko a cibiyar kallo ta jama'a, daga baya kuma a gidan kallo na kuɗi mai bencina da rufin kwano, wanda a yau ƙwallon Turai ta fi mamaye shi.

Batun mai biya ya fi wannan nauyi, domin mai biya shi ke zaɓen abin da wasa zai ce. A Amurka kamfanin sabulu ne, a Arewa kuwa hukuma ce, tun daga farko har zuwa shekarun 1990. Fim ɗin majigi da tsofaffi suka fi tunawa, Baban Larai, an yi shi ne domin koyar da noman zamani. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyon Kaduna aka fara jin su kafin a buga su littafi a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, kuma gargaɗi ne kan sauyin zamani da rikicin aure a birni. Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan ta wannan hanya ya bi. Manufar da aka rubuta wa gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ita ce wayar da kai, kuma ma'aikacin gidan rediyo ko talabijin yana ɗaukar kansa malami ne da aka ba shi aji mai faɗin lardi. Ana iya sukar wannan manufa, a ce ta cika wa'azi, ko a ce ta zama bakin gwamnati mai ci, amma ba a iya cewa manufar mai sayar da sabulu ce.

Daga wannan makaranta ne fitattun 'yan wasan da marubucin bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba suka fito, kuma wannan rashin ambato shi ne babban giɓin maƙalarsa. Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana fitowa a Samanja Mazan Fama daga Kaduna, yana nuna rayuwar bariki da Hausar soja mai gauraye da Turancin buroka, a lokacin da ƙasar ta fito daga yaƙin basasa kuma talaka yana tsoron kaki, har wasan ya zama wata gada tsakanin soja da farar hula. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi Karambana. Daga Jos aka samu Karkuzu na Bodara. A Kano aka yi Kuliya Manta Sabo, wasan da ya mayar da zauren alƙali dandamali, inda ake kawo ƙarar gado da bashi da saki da iyakar gona, irin shari'un da mutumin Kabo ya san su a kotun garinsu, a tsakiyar shekarun 1980 kuma CTV ta nuna Bakan Gizo. Dattijon da ya kai shekara 55 a Gwarzo a yau ya san waɗannan sunaye, ko ta akwatin maƙwabci ko ta rediyo, kuma ya san su shekara 30 kafin a haifi Arewa24.

Idan dole sai an nemo wa wasan Hausa dangi a waje, dangin da ya fi kusa shi ne wasan da hukuma ke shiryawa domin koyarwa. A Ingila, BBC ta fara The Archers a rediyo a 1951 da hannun ma'aikatar gona, domin isar da dabarun noma ga manoma a cikin rigar labari. A Meksiko, Miguel Sabido ya shirya Ven Conmigo a 1975 domin jawo manya zuwa ajin yaƙi da jahilci, daga tsarinsa kuma Indiya ta ɗauki darasi ta yi Hum Log a 1984. A Najeriya, NTA ta fara Cock Crow at Dawn a 1980, an ɗauke shi a yankin Jos da tallafin bankin UBA domin kwaɗaitar da komawa gona a zamanin shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari, kuma Ƙasimu Yero yana cikinsa. Arewa24 kanta a wannan layi take: ƙungiyar Equal Access ce ta kafa ta da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, kuma Daɗin Kowa, wanda ya fara a 2015, an gina shi ne kan wani ƙagaggen gari da ake tattauna almajiranci da shaye-shaye da 'yan gudun hijira da zaman Musulmi da Kirista ta bakin mutane irin su Malam Nata'ala da Kamaye da Adama. Hannun Amurka yana ciki, wannan gaskiya ne, kuma tambaya ce mai kyau a yi kan wace manufa kuɗin waje ke ɗauke da ita, sai dai hannun hukuma ne mai neman sauya tunani, kuma marubucin da ya tsaya kan sabulu ya bar wannan tambaya mai nauyi ba tare da ya taɓa ta ba.

Akwai wata hujja da za a iya kawo wa marubucin, kuma adalci ne a kawo ta da ƙarfinta. Samanja da Kuliya da Karambana wasanni ne da kowane kashi yake cin gashin kansa, a buɗe matsala a rufe ta a dare ɗaya, 'yan wasan ne kawai suke dawowa, alhali Labarina ko Izzar So labari ne guda da ake yanke shi a daidai inda rai ya fi so, a bar mai kallo da zulumi har mako mai zuwa. Wannan bambanci na gaske ne. Sai dai dabarar yanke labari a tsakiya ba ta jira jirgi daga Shikago ba. Hausawa sun san Dare Dubu da Ɗaya, wanda gaba ɗayansa an gina shi ne kan labarin da asuba ke katsewa. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa na farko yana tafiya ne kan aku da ke riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare domin kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma littattafan soyayya na kasuwar Kano, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka saba wa masu karatu da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, inda marubuci ke tsayawa a kan gaɓa domin a sayi na gaba, kuma gidajen rediyo suka riƙa karanta su kashi-kashi ga waɗanda ba su iya boko ba. Wannan shi ne uban dogon zango na kusa, kuma mata ne suka fi rubuta shi, su ne kuma suka fi karanta shi, ana ba da aronsa daga ɗaki zuwa ɗaki har bangonsa ya yage.

Fim ɗin bidiyo ya gaji wannan ɗabi'a. Ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda 'yan wasanta suka goge a wasannin talabijin na Kano, ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma cikin 'yan shekaru sayar da fim kashi biyu ko uku a kaset ya zama ruwan dare a kasuwar Ƙofar Wambai. Abin da ya tura masana'antar gaba ɗaya zuwa dogon zango shi ne mutuwar kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010, lokacin da satar fasaha da tura fim a waya da matsin tattalin arzikin 2016 suka haɗu suka sa furodusa ba ya mayar da kuɗinsa. Mafitar da aka samu ita ce tashar tauraron ɗan'adam mai sayen shiri zango-zango, da kuma YouTube mai biya gwargwadon yawan kallo, kuma dukansu biyu sun fi son labarin da zai dawo da mai kallo kowane mako. Kwana Casa'in ya fito a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawal Ahmad suka fito a 2020, shekarar kullen korona da ta zaunar da mutane a gida. Sanadin yana cikin kasuwar Kano, ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara.

Sai zargin da ya fi zafi, na cewa matan Gwarzo da Kabo sun zama 'yan zaman kallo. Wannan hoton matar falon Amurka ne aka liƙa wa matar da ba ta taɓa zama irinta ba. Matar aure a ƙauyen Hausa, ko tana cikin kulle, mai sana'a ce, kuma masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda ciniki mai yawa ke gudana a cikin gidaje ta hannun mata da yaran da ke kai musu talla. A tsakar gida a Getso, da hantsi, mace tana gaban kasko tana suyar ƙuli-ƙuli, hannunta duk mai, kishiyarta tana tankaɗe, wata tana ɗinkin hula a inuwar zaure, wata ma sabulun salo take haɗawa domin sayarwa. Idonta yana kan wuta, kunnenta ne kawai a sake, shi ya sa shekara da shekaru abokin aikinta rediyo ne mai batir, rataye a jikin ƙusa ko ajiye a kan turmi. Idan akwai abin da ya cike gurbin wasan rana a ƙasar Hausa, to karatun littafi da wasan kwaikwayo da filin gaishe-gaishe na rediyo ne, kuma ba su taɓa hana a sauke tukunya ba.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne waya, kuma a nan ne kallon rana ya fara samuwa da gaske, ta hanyar da marubucin bai lura da ita ba. Ana aiken yaro shagon caji da ɗan katin memori, mai shagon, wanda ya sauke sabon kashi daga intanet da daddare, ya tura masa a kan 'yan kuɗi kaɗan, a dawo a jingina wayar a jikin kwano, mata uku ko huɗu suna ɓarar gyaɗa suna leƙawa, wadda ta tashi ɗauko ruwa a ba ta labarin abin da ya wuce. Ba tasha ce ta tsara wannan lokaci ba, babu mai talla da ya saye shi, kuma sau da yawa ko sisi ba ya komawa ga wanda ya shirya wasan. Abin da ake yi da labarin bayan an kashe wayar shi ma abin lura ne, domin ana auna halin uwar miji ta cikin wasa da ta gidan maƙwabta, ana muhawara kan ko yarinya ta kyauta da ta ƙi zaɓin iyayenta, ana faɗin abin da ba a iya faɗi kai tsaye ta hanyar ɗora shi a kan mutumin da babu shi. Herta Herzog, wadda ta yi nazarin masu sauraren wasannin rediyo a Amurka a farkon shekarun 1940, ta tarar da yawansu suna neman shawara ne kan matsalolin gidajensu a cikin wasan, kuma a wannan gaɓa ɗaya matar Shikago da matar Garo sun yi kama, kamar yadda duk masu sauraren labari suke kama tun zamanin gizo da ƙoƙi.

Tasirin Indiya kuwa babu mai musunsa. Gidajen silima na Kano sun nuna finafinan Indiya tun kafin talabijin ta zo, NTA Kano ta ci gaba da nuna su, rawa da waƙa da soyayyar mutum uku sun shiga fim ɗin Hausa ta wannan ƙofa, a shekarun 2010 kuma fassarar Indiya-Hausa ta cika wayoyi. Amma aron ado daban, asali daban, kuma Bahaushe ya ɗauki abin da ya yi kama da rayuwarsa ne, auren dole da biyayyar iyaye da rikicin dangin miji, ya bar abin da bai yi kama ba.

Kuskuren tarihi yana da illa ne saboda yana karkatar da ido daga ainihin aibin, kuma aibin yana nan. Yawancin wasannin yau a manyan gidajen birni ake ɗaukar su, cikin falo mai kujerun alfarma da motoci a harabar gida, kuma yarinyar da ke kallo a Durun tana ganin rayuwar da aka nuna mata a matsayin ita ce rayuwa, alhali ba ta ga gonar ubanta ko kasuwar garinsu ko asibitin da mahaifiyarta ke bin layi a cikinsa ba. Idan baƙauye ya fito, sau da yawa abin dariya ne, mai baƙin baki da hula a karkace. Biyan kuɗi gwargwadon kallo yana sa a ja labarin da ya isa kashi 20 har ya kai 100, a cika shi da dogon kallon-kallo da kiɗa. Taki da bashin noma da rikicin gona da ƙaurar samari, abubuwan da Cock Crow at Dawn ya ɗauka da muhimmanci sama da shekara 40 da suka wuce, da wuya a same su a tsakiyar wani babban wasan Hausa na yau. Waɗannan matsaloli ne na gida, sun taso ne daga janyewar gidajen gwamnati daga shirya wasa da kuma irin kasuwar da ta maye gurbinsu, kuma wanda ya ɗauka cewa abin baƙo ne, maganin da zai fara zuwa masa shi ne kora da hani.

Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon hanin, ta kuma yi amfani da shi a watan Mayun 2025 lokacin da ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun gabatar da su domin tacewa kafin a sake su. Tacewa tana iya cire abin da bai dace ba, amma ba ta iya sa manomin Kabo cikin labarin da ba a rubuta da shi ba. Wannan aikin mai ɗaukar nauyi ne, kuma jihar da ta taɓa kafa CTV ta ɗauki marubuta da 'yan wasa aiki tana da gidan talabijin da gidan rediyo da hukumar raya noma da za su iya sake yin sa. Kafin nan akwai aikin da ya fi gaggawa ga duk mai son rubuta wannan tarihi. Da yawa daga kaset-kaset na shekarun 1970 da 1980 an goge su an sake ɗauka a kansu saboda tsadar kaset, waɗanda suka rage kuma zafi da ƙura suna cin su a ɗakunan ajiya, 'yan wasan suna ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya, amma a Gwarzo da Getso da Garo har yanzu akwai dattawa maza da mata da za su iya faɗin a ƙofar gidan wa aka fara ajiye talabijin a unguwarsu, da wace rana ake nuna Samanja, da kuma yadda ake yi idan batirin mota ya ƙare ana tsakiyar shari'a a zauren Kuliya.